Yadda Ake Fitar da Kason Haɗaka Daga Jadawali Mai Fuska Biyu

Na daɗe ina koyar da wannan lissafi, kuma abin da na lura shi ne rabawa ba ta ba ɗalibi wahala. Kowa ya iya danna kalkuleta. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen zaɓen lambar da za a raba da ita. Jadawali ɗaya yana ɗauke da jimilla iri-iri, wasu a gefen dama, wasu a ƙasa, guda ɗaya can a kusurwa, sai hannun mutum ya kai kan wadda ta fi kusa da shi. Shi kuwa kason haɗaka jimilla ɗaya tak ya sani, wato ta kusurwa.

Kafin mu shiga aiki, bari mu daidaita baki a kan kalmomi. Jadawali mai fuska biyu shi ne wanda aka kasa mutane, ko dabbobi, ko kaya, bisa siffofi biyu a lokaci guda. Siffa ɗaya tana tafiya a layukan kwance, ɗayar a layukan tsaye. Inda layin kwance ya gamu da na tsaye, wannan wurin nake kira gida, kamar dai gurbin dara. Lambar da ke cikin gida tana gaya maka mutum nawa suka haɗa siffofin biyu. Idan ka raba ta da yawan kowa da kowa, ka sami kason haɗaka. Tambayar da yake amsawa ita ce: a cikin dukkan jama'ar nan, kashi nawa ne suke kaza kuma suke kaza?

Kayan aiki

Takarda mai layi, fensir da abin goge shi, rula, da kalkuleta. Ta cikin waya ma ta isa. Na fi son fensir da biro a wannan aiki, domin da wuya ka gama ba ka goge wani abu ba. Ka tanadi fili a takardar da zai ɗauki jadawali biyu masu girma ɗaya: na ƙidaya da na kaso. Idan akwai biro ja a kusa, ɗauko shi, yana da aiki guda ɗaya da zai yi nan gaba. Mai kwamfuta ko wayar da ke da Excel ko Google Sheets, akwai hanyarsa a ƙasa, amma ina ba shi shawara ya fara yi da hannu ko sau ɗaya ne.

Jadawalin da za mu yi aiki da shi

Na zaɓi alƙaluma na gaske, domin su ne suke zama a kai. Jirgin ruwan Titanic ya tashi daga Southampton a Ingila ranar 10 ga Afrilu, 1912, zai je New York a Amurka. A daren 14 ga wata ya yi karo da wani ƙaton dutsen ƙanƙara a Tekun Atlantika, ya nutse kafin gari ya waye. Kwale-kwalen ceto 20 ne a cikinsa, waɗanda ba za su ɗauki kowa ba. Kwamitin binciken da gwamnatin Birtaniya ta kafa ya ƙidaya mutum 2,201 a cikin jirgin, 711 suka tsira, 1,490 suka rasu. Ga yadda suka kasu:

| Rukuni | Sun tsira | Sun rasu | Jimilla |
|---|---|---|---|
| Ajin farko | 203 | 122 | 325 |
| Aji na biyu | 118 | 167 | 285 |
| Aji na uku | 178 | 528 | 706 |
| Ma'aikatan jirgi | 212 | 673 | 885 |
| Jimilla | 711 | 1,490 | 2,201 |

Za ka iya cin karo da wasu ƙidayoyin da suka ɗan saɓa da wannan, domin ba a wuri ɗaya aka tattara sunayen ba. Ka'idar ita ce ka riƙe ƙidaya ɗaya daga farko har ƙarshe. Kada ka ɗauko lambar gida daga nan, jimilla daga can.

Mataki na 1: Karanta jadawalin da baki kafin ka taɓa kalkuleta

Sa yatsa a kan gida ɗaya ka faɗi abin da yake nufi da cikakkiyar magana. A kan 203: “Mutum 203 fasinjojin ajin farko ne, kuma sun tsira.” A kan 673: “Mutum 673 ma'aikatan jirgi ne, kuma sun rasu.” Wannan “kuma” ɗin da ke tsakiya ita ce alamar haɗaka. Gidaje takwas ne na ciki a wannan jadawali, layin kwance huɗu sau layin tsaye biyu. Sauran lambobin da ke gefe da ƙasa jimilla ce, ba gidajen haɗaka ba ne.

Idan ka kasa faɗar ma'anar gida da bakinka, kada ka wuce. Duk lissafin da za ka yi bayan nan zai zama danne-danne kawai.

Mataki na 2: Tabbatar da jimillar, ko da an rubuto maka ita

Haɗa kowane layin kwance: 203 da 122 sun ba da 325, 118 da 167 sun ba da 285, 178 da 528 sun ba da 706, 212 da 673 sun ba da 885. Sai layukan tsaye: 203, 118, 178 da 212 sun tashi 711, su kuma 122, 167, 528 da 673 sun tashi 1,490.

Yanzu babbar jimilla. Ka nemo ta ta hanya biyu. Ta gefen dama: 325 + 285 + 706 + 885 = 2,201. Ta ƙasa: 711 + 1,490 = 2,201. Dole su zo ɗaya. In ba su zo ɗaya ba, akwai lambar da aka kwafa ba daidai ba, kuma gara ka gano ta yanzu da bayan ka yi rabawa takwas.

Wani lokaci tambayar jarrabawa takan zo ba tare da jimilla ba sam, gidajen ciki kawai. Sai ka ƙara layi ɗaya a dama, ɗaya a ƙasa, ka cike da kanka. Wani lokacin kuma gida ɗaya ne aka bari fanko aka ba ka jimillar layinsa. Ragewa ce maganinsa: da a ce an ɓoye 178, sai ka cire 528 daga 706, ta fito.

Gargaɗi guda a nan, domin na sha ganinsa a takardun ɗalibai. Wani zai haɗa duk lambobin da ya gani a jadawali, har da na gefe da na ƙasa, ya kira shi babbar jimilla. Ya ƙirga kowane mutum fiye da sau ɗaya ke nan. Babbar jimilla gidajen ciki kaɗai take haɗawa.

Mataki na 3: Zagaye lambar kusurwa da ja

Ga aikin jan biron. Zagaye 2,201. Daga yanzu har ka gama, duk rabawar da za ka yi wannan lambar ce a ƙasa. Abin kamar wasan yara, amma tun da na fara tilasta wa ɗalibaina yin wannan zagayen, kuskuren raba gida da jimillar layinsa ya ragu ƙwarai a ajina. Ido yana bin ja.

Mataki na 4: Zana jadawali na biyu, ka raba gida-gida

Zana sabon jadawali fanko mai kanun layuka iri ɗaya da na farko. Kada ka rubuta kaso a kan lambobin asali, za ka buƙace su daga baya. Sai ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya:

203 ÷ 2,201 = 0.092
122 ÷ 2,201 = 0.055
118 ÷ 2,201 = 0.054
167 ÷ 2,201 = 0.076
178 ÷ 2,201 = 0.081
528 ÷ 2,201 = 0.240
212 ÷ 2,201 = 0.096
673 ÷ 2,201 = 0.306

Kalkuleta za ta zubo maka doguwar wutsiya, misali 0.0922308 a ta farko. Ka tsaya a lamba uku bayan ɗigo, amma ka leƙa ta huɗu kafin ka yanke. In ta kai 5 ko ta wuce, ƙara ɗaya a kan ta uku. Dubi 167 ÷ 2,201: abin da ke fitowa 0.07587 ne, don haka 0.076 za ka rubuta, ba 0.075 ba. Haka 528 ÷ 2,201, wanda ya ba da 0.23989, ya koma 0.240. Kada ka jefar da wannan sifirin na ƙarshe, yana nuna wa mai karatu cewa har lamba ta uku ka auna.

Amsa ba ta taɓa wuce 1. Idan ka ga wani abu kamar 10.84, ka juya rabawar ce, ka sa 2,201 a sama. Ƙaramar lamba ce a sama, ta cikin jan zagaye a ƙasa.

In ana son amsar a kashi cikin ɗari, ninka da 100, wato ka matsar da ɗigo taki biyu zuwa dama:

| Rukuni | Sun tsira | Sun rasu | Jimilla |
|---|---|---|---|
| Ajin farko | 9.2% | 5.5% | 14.8% |
| Aji na biyu | 5.4% | 7.6% | 12.9% |
| Aji na uku | 8.1% | 24.0% | 32.1% |
| Ma'aikatan jirgi | 9.6% | 30.6% | 40.2% |
| Jimilla | 32.3% | 67.7% | 100% |

Lambobin gefe da na ƙasa su ma da 2,201 aka raba su. Su ake kira kason gefe, kuma siffa ɗaya kawai suke magana a kai: 40.2% na mutanen jirgin ma'aikata ne, 32.3% sun tsira.

Ga masu karatu a Nijar da sauran ƙasashen da suka yi boko da Faransanci: waƙafi kuke sa wa a inda muke sa ɗigo, wato 0,092. Kalkuletar waya ma takan bi harshen da aka saita ta da shi. Saboda haka kada ka shigar da waƙafin cikin 2,201 lokacin dannawa, rubuta 2201 a haɗe. In ba haka ba wayar na iya ɗaukarsa biyu da ɗan ɗigo, amsa ta fito shirme.

Idan babu kalkuleta

Ba sai ka yi doguwar rabawa sau takwas ba. Nemo kashi ɗaya cikin ɗari na babbar jimilla tukuna. Na 2,201 kusan 22 ne. Sai ka tambayi kanka 22 nawa ke cikin kowane gida. A cikin 203 akwai 22 sau tara, wato 198, saura 5. Biyar ɗin nan kusan kashi biyu cikin goma ne na 22, ka sami 9.2 ke nan. A cikin 528 akwai 22 sau 24 cif. Ko da kana da kalkuleta, wannan dabarar tana da amfani wajen ƙiyasta amsa a ka kafin ka danna, don in yatsa ya zame ka gane nan take.

Mataki na 5: Haɗa su duka, su ba ka ɗaya

Gidaje takwas ɗin nan sun ƙunshi kowa, ba wanda ya shiga biyu, ba wanda aka bari a waje. Don haka kasonsu in an haɗa dole ya tashi 1, ko 100%. Gwada: 9.2 + 5.5 + 5.4 + 7.6 + 8.1 + 24.0 + 9.6 + 30.6 = 100.0.

Amma dubi layin ajin farko da kyau. 9.2 da 5.5 sun ba da 14.7, ga shi kuma na rubuta 14.8 a gefe. Ba kuskure ba ne. 325 ÷ 2,201 ya ba da 0.14766, wanda ya koma 14.8%. Ɗan guntun da aka yanke daga kowane gida ne ya taru ya kawo bambancin. A aji na biyu ma haka ne, sai dai ta ɗaya ɓangaren: 5.4 da 7.6 sun ba da 13.0, gaskiyar kuwa 12.9 ce. Kullum ka fitar da kason gefe daga lambar asali, kada ka haɗa waɗanda aka riga aka gajarta. Kuma kada ka taɓa wani gida don ka tilasta wa lissafi ya cika. Bambancin 0.1 ba abin damuwa ba ne. Da lamba biyu kawai muka tsaya bayan ɗigo, da jimillar ta tashi 1.01, shi ya sa na fi son uku. Amma in ka haɗa ka ga 2, ko 4, ko 400%, to da jimillar layi ka yi rabawar, koma kan jan zagayenka.

Mataki na 6: Fassara amsar, kuma kada ka ɗora mata abin da ba ta faɗa ba

A nan nake so ka zauna sosai, domin nan ne mai ilimi ma yake zamewa.

Dubi layin waɗanda suka tsira. Ma'aikatan jirgi 9.6%, ajin farko 9.2%. Na taɓa ba wani aji wannan jadawalin, sai wata ɗaliba mai ƙoƙari ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ashe ma'aikata sun fi masu kuɗi samun tsira.” Rabawarta daidai take, ba ta ɓata ko ɗigo ɗaya ba. Fassarar ce ta kauce. Na ce mata ta koma jadawalin farko ta gaya mini ma'aikata nawa ne a jirgin. Ta ce 885. Ajin farko fa? Ta ce 325. Sai ta yi shiru tana kallon allo, can ta ce, “Au, don sun fi yawa ne.”

Haka ne. Kason haɗaka yana auna girman gida a cikin taron gaba ɗaya. Rukunin da ya fi yawa zai iya cika gidan tsira, ya kuma cika gidan rasuwa, kamar yadda ma'aikata suka yi a nan da 9.6% da 30.6%. In kana son sanin wa ya fi samun damar tsira, wata tambaya ce daban, kuma abin rabawarta daban. Sai ka raba gida da jimillar layinsa: 203 ÷ 325 ya ba da 62.5% ga ajin farko, 118 ÷ 285 ya ba da 41.4% ga aji na biyu, 178 ÷ 706 ya ba da 25.2% ga aji na uku, 212 ÷ 885 ya ba da 24.0% ga ma'aikata. Wannan shi ne kason sharaɗi, kuma shi ya nuna gaskiyar abin da ya faru a daren: kusan mutum biyu cikin uku na ajin farko sun kuɓuta, a aji na uku kuwa ɗaya cikin huɗu.

Lamba ɗaya, 203, tana iya ba ka amsa uku, gwargwadon yadda aka yi tambayar:

“A cikin dukkan mutanen jirgin, kashi nawa ne 'yan ajin farko kuma suka tsira?” 203 ÷ 2,201 = 9.2%. Haɗaka ke nan.

“Daga cikin 'yan ajin farko, kashi nawa suka tsira?” 203 ÷ 325 = 62.5%.

“Daga cikin waɗanda suka tsira, kashi nawa ne 'yan ajin farko?” 203 ÷ 711 = 28.6%.

Ka saurari abin da ya biyo bayan “daga cikin”. Shi ne ke gaya maka lambar da za ta zauna a ƙasa. In an ce daga cikin kowa, ko ba a ware wani rukuni ba sam, kusurwa za ka je. Masu shirin WAEC ko NECO su lura: tambayar yiwuwa da ke cewa an zaɓi mutum ɗaya ba tare da dubawa ba, mene ne yiwuwar ya zama kaza kuma kaza, ita ma wannan lissafin ne, sai dai a bar amsar a 203/2201 ko 0.092.

Mataki na 7: Wani ɗan gwaji ga mai son ya leƙa gaba

Wannan ba dole ba ne, amma ni ina jin daɗinsa, domin shi ke nuna amfanin kason haɗaka na gaske. A ce ajin mutum ba shi da wata alaƙa da tsirarsa. Da haka ne, kason kowane gida zai yi daidai da abin da ka samu in ka ninka kason gefe na layinsa na kwance da na layinsa na tsaye. Na ajin farko da suka tsira zai zama 0.148 × 0.323, kusan 0.048, wato mutum 105 ke nan. Abin da aka samu a zahiri 203 ne, kusan ninki biyu. Na aji na uku zai zama 0.321 × 0.323, kusan 0.104, wato mutum 228. Waɗanda suka tsira 178 ne, an rasa hamsin daga abin da rabon adalci zai ba su. A kan irin wannan kwatancin aka gina gwajin da Karl Pearson, masanin ƙididdiga ɗan Ingila, ya fitar a 1900, wanda har yau ake amfani da shi wajen bincika alaƙa a irin wannan jadawali.

Da Excel ko Google Sheets

Shigar da jadawalin yadda yake: kanu a layi na 1, rukunai huɗu a layi na 2 zuwa 5, jimilla a layi na 6. Waɗanda suka tsira a B, waɗanda suka rasu a C, jimilla a D. Babbar jimilla ta faɗa D6 ke nan. A wani fili na gefe rubuta =B2/$D$6, sannan ka ja shi zuwa dama da ƙasa ya cika sauran gidajen. Alamar dala biyun nan su ne jan zagayenka a kwamfuta, su ke riƙe D6 a wuri ɗaya. In ka manta da su, abin rabawar zai riƙa zamewa tare da jan da kake yi, ka ga amsoshi marasa kan gado ko saƙon cewa an raba da sifiri. Bayan ka gama, danna alamar % don ya mayar da su kashi cikin ɗari.

Idan ba a ba ka jadawali ba, sai jerin sunaye

A wurin aiki haka abin ya fi zuwa. Ma'aikaciyar asibiti tana da rajistar yaran da aka yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro, da bayanin ko suna kwana a gidan sauro. Malamin makaranta yana da jerin ɗalibai, maza da mata, da waɗanda suka ci jarrabawa da waɗanda suka faɗi. Zana jadawali fanko, ka bi jerin daga sama, kowane suna ka ja masa sanda ɗaya a gidan da ya dace, sanda ta biyar ta gitta huɗun farko don ƙirga ya yi sauƙi. Ka riƙa sa ɗan ɗigo a gefen sunan da ka wuce, saboda in aka kira ka aka katse maka aiki ka san inda ka tsaya. Mai kwamfuta zai iya amfani da umarnin COUNTIFS na Excel ko Google Sheets ya ƙirga masa layukan da suka cika sharaɗi biyu.

Abu biyu ke ɓata irin wannan ƙidayar. Na farko, rukunan da ke shiga juna. In ka kasa shekaru “1 zuwa 5” da “5 zuwa 10”, ɗan shekara biyar gida biyu yake da shi. Gyara su zama “1 zuwa 4” da “5 zuwa 9” tun kafin ka ja sanda ta farko. Na biyu, sunan da bayaninsa bai cika ba, misali an rubuta sakamakon gwaji amma ba a rubuta batun gidan sauro ba. Kada ka yi masa hasashe. Ko dai ka buɗe layi na musamman mai suna “ba a rubuta ba”, ko ka cire shi daga jadawalin gaba ɗaya. In ka cire shi, ka cire shi daga babbar jimilla ma: rajistar mutum 200 da aka cire 12 daga cikinta, da 188 za ka yi rabawa, kuma ka rubuta a ƙasan jadawalin cewa an ajiye 12 gefe saboda bayaninsu bai cika ba.